Kwana Biyar Ɗin Antin Mota

Yara ne suka raɗa mata Antin Mota, sunan kuma ya bi ta har gida. Maƙwabta da shi suke kiranta, mai shagon bakin layi da shi yake gaishe ta. Hatta maigidanta, wani mai facin taya da ba ya rabo da barkwanci, in yana jin yunwa cewa yake, "Antin Mota, a sauke ni a bakin tukunya." Ita kuwa ba ta taɓa jin haushi ba, don ba ƙarya aka yi mata ba. Shekara shida ta yi tana rakiyar yara a motar wata makarantar kuɗi, ta ɗauko su da safe, ta mayar da su da rana.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai zama ne kawai a mota ana shan iska. To, ya je ya gwada na kwana ɗaya. Motar tsohuwar bas ce mai ruwan ɗorawa, matakalarta ɗaya tak, ga ta da tsawo, sai babba ya ɗaga ƙafa kusan gwiwa kafin ya hau. Yara ashirin da bakwai take ɗauka a wuri goma sha tara. Dokar makarantar biyu ce, an buga ta a takarda an manna a bayan kujerar direba. Ta farko, duk inda aka tsaya sai ƙafar anti ta taɓa ƙasa, ta karɓi yaro hannu da hannu daga wurin mai shi. Ta biyu, direba ba ya barin sitiyari muddin akwai yaro ko ɗaya a ciki. Saboda haka ta sauka, ta ɗago yaro da jakarsa da gorar ruwansa, ta ɗora shi, ta hau, ta zaunar da shi, ta raba faɗa, ta share majina, kafin ta numfasa an iso gida na gaba. Da rana kuma a sake sabon lale, wasu ma sai ta tsallaka da su titi.

Albashin ba abin a faɗa a gaban mutane ba ne. Abin da ya riƙe ta a aikin guda ne: makarantar tana barin ɗan ma'aikaci ɗaya ya yi karatu kyauta. 'Yarta ta fari, wadda ake ce wa Aku saboda surutu, tana aji uku a can, shekararta takwas, kuma kanta yana ja. Tun yarinyar tana da shekara biyu uwar ta nemi aikin, don ta riga ta ƙudura a ranta cewa a wannan makarantar 'yarta za ta zauna a kan kujera, ta riƙe littafinta na kanta, malama ta san sunanta. Ko shekara goma mai faci zai yi yana ɗinke tayoyi ba tare da ya ci ya sha ba, ba zai iya kai ɗa can ba. Duk hawa da saukar nan don Aku ake yi, kowa a gidan ya sani.

Ciwon ya fara ne da cikinta na biyu. Tun wata na bakwai ta soma jin wani abu a ƙasan mararta, daidai inda ƙasusuwan ƙugu biyu suka haɗu ta gaba, kamar ana son raba su da ƙarfi. Ta faɗa a wurin awo, ma'aikaciyar jinya ta ce nauyin ciki ne, da ta sauka shi ke nan. Ta haifi namiji jibgege, ubansa ya ɗaga shi ya ce, "Wannan ai ƙato ne," sunan kuma ya zauna. Maganar ma'aikaciyar jinya ta fito gaskiya. Ciwon ya yi ta raguwa har ya ɓace, bayan wata uku ta koma bakin aikinta tana hawa tana sauka kamar da, ta bar Ƙato wurin wata tsohuwa maƙwabciyarsu.

Ƙato na da wata goma al'adarta ta dawo, ashe ba ita kaɗai ta dawo ba. Da asuba ce, ta tsaya a kan ƙafa ɗaya za ta zura siket, sai ta ji abin ya tsarge ta daga gaba zuwa bayan ƙugu. Ta faɗa kan gado a zaune, bakinta buɗe, ba ta iya ko kiran maigidan ba. Ta gane shi nan take, tsohon ciwon ne, ko kaɗan bai canja hali ba. Ranar ta je aiki tana jan ƙafa ƙanana-ƙanana, gwiwoyi a haɗe. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da sauƙi. Amma duk abin da zai sa ta ɗora nauyinta a ƙafa guda, ko ta buɗe ƙafafu, nan ne azaba. Ku tuna kuwa aikinta kenan daga safe har la'asar.

Ya yi kwana biyar, biyu kafin jinin ya zo, uku a cikinsa, sannan ya tafi kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta ce ƙila tsautsayi ne. Wata ya zagayo, ya dawo. Wani watan ma haka, ko lattin kwana ɗaya ba ya yi.

Mugun halin ciwon kenan. Da kwantar da ita ya yi gaba ɗaya, da kowa ya gani ya tausaya, a zo dubiya, a yi addu'a. Amma mace ta yi sati uku garau, tana ɗaukar bokiti biyu tana gudu ta tare mota, sannan ta wayi gari ta ce ba ta iya ɗaga ƙafa, wa zai yarda? Matan gidan hayarsu suka ce ai ciwon mara ne, kowace mace tana yi, ta daure mana. Ta ce musu ta san ciwon mara tun tana budurwa, wannan a ƙashi yake. Suka kalli juna suka taɓe baki. Maigidan shi kam ya yarda, sai dai yardarsa ba ta wuce man zafi ba. Duk wata sai ya shigo da sabuwar kwalba, wannan mai hoton damisa, wancan mai hoton maciji.

"Ni fa ina ganin alaimen ɗinki ne ya goce, irin yadda saitin tayoyin mota ke gocewa," ya ce mata wata rana yana murza mata ƙugu. "Ki zo shago in ɗora ki a kan jak."

"Ka bari sai ina lafiya ka yi mini wannan wasan."

Ya ci gaba da murzawa. Mutumin kirki ne, amma bai san abin da ake yi da ciwon da ba a gani ba.

A wata na huɗu da dawowar ciwon ta samu shugabar makarantar a ofis, ta rufe ƙofa, ta yi mata bayani mace da mace. Ta roƙi a mayar da ita rainon 'yan ƙaramin aji, inda ake zama a tabarma, a sa wata a mota. Shugaba ba muguwa ba ce, mace ce dai mai tsoron mai makarantar fiye da yadda take tsoron komai. Ta ce, "Ki kawo takardar likita. In babu takarda ba ni da abin da zan nuna masa."

Nan aka shiga wata sabuwar wahala. Likitar ƙashi ranar Talata kawai take zama, asibitin yana can wancan gefen gari, kati talatin ake bayarwa, kafin ƙarfe takwas sun ƙare. Ƙarfe takwas ɗin Talata kuwa Antin Mota tana tsakiyar titi da yaran mutane, kuma babu wata anti, in ba ta zo ba mota ba ta fita. Sai da aka yi hutu ta samu zuwa, ranar kuma ta faɗo cikin kwanakin lafiya. Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta kwantar da ita, ta ɗaga wannan ƙafa, ta lanƙwasa waccan, ta danna nan, ta danna can. Ko gezau. Aka yi hoton ƙashi, bai nuna abin kirki ba.

"Ba na ce ƙarya kike yi ba," in ji likitar. "Ana samun haka. Bayan haihuwa gaɓar nan takan saki, lokacin al'ada kuma ta ƙara motsawa. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba. Ki zo ranar da yake ciwo."

A hutu na gaba Allah ya haɗa Talata da ranar ciwo. Ta tashi tun duhu, ta sha ƙwaya biyu don ta iya hawa motar haya, ta samu kati, ta zauna a benci har azahar. Da aka kira ta, ta tura ƙofa, sai ta ga namiji a kujerar, matashiyar ta tafi hutu. Ga ɗalibai maza biyu tsaye a bayansa da littattafai. Ya ce, "Ina ke ciwo?" Ta kalli ƙasa. Ta yaya za ta nuna wa maza uku wurin nan, ta kuma ce musu tana cikin jini? Bakinta ya ce, "Ƙafata ce." Ya duba gwiwa da kyau, ya nuna wa ɗalibansa yadda ake duba gwiwa, ya rubuta mata man shafawa. Ta fito ta zauna a bakin kwalbati tana kuka, haushin kanta ya fi ciwon cin ranta. Daga nan ba ta sake komawa ba, maganar takarda ta mutu.

Wanda ya gane halin da take ciki ba tare da an gaya masa ba shi ne Baba direba. Dattijo ne da ya haura sittin, tsohon direban babbar mota, 'ya'yansa mata biyar, ba ya son yawan magana sai dai ya yi ta faɗa da masu babur ta taga. Da azahar, kafin a tashi yara, su biyun sukan yi salla a inuwar motar, ita ke cika buta. Ya lura akwai kwanakin da take cika masa buta ta koma gefe ta zauna, kuma a kwanakin ne take kama ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ta ciji leɓe, ta ja jiki ta hau, gumi yana tsatstsafo mata a goshi tun da sassafe. Uban mata biyar ba ya bukatar a yi masa fassara.

Wata safiya sun iso gida na uku, ta yunƙura za ta tashi, sai ya ja burkin hannu.

"'Yar nan, zauna. Yau ni zan sauka."

"Baba, doka fa."

"Dokar ta san ƙafata tana tsami in na daɗe a zaune? Taimakona za ki yi."

Bai kalle ta ba, ita ma ba ta kalle shi ba. Tun daga ranar, duk wata in kwanakin sun zo, da ya ga hawanta na farko ya san aikinsa ya ƙaru. Ba su taɓa kiran abin da sunansa ba ko sau ɗaya. Iyakarta ya ce, "Yau ma ƙafar tawa ta tashi," ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Har Aku, da take zaune a kujerar farko kullum, ta ɗauka da gaske Baba ne ba shi da lafiya, takan ce masa sannu.

Sai dai motar ita ma tana da nata ciwon. In aka kashe ta da zafi ba ta tashi sai an tura, Baba ya kai ƙara ofis sau uku, aka ce ana dubawa. Saboda haka ba ya iya kashe ta ya zare makulli in zai sauka. Yakan fitar da giyar motar ya bar ta a firi, ya ja burkin hannu iya ƙarfinsa, ya bar inji yana ruri. Ita kuma ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta tare hanyar da ke zuwa wurin direba. Sun san ganganci ne, su biyun duka. Sun fi shekara suna haka, iyaye har yaba wa Baba suke yi, wai tsohon nan akwai son yara.

Abin ya faru ranar wata Alhamis da rana, kwana na uku. Baba ya tsallaka titi da wata 'yar shekara huɗu, kakarta kuma ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba. A bayan mota yara biyu suka kaure, ɗaya ya gartsa wa ɗaya cizo a kunne, ihu ya tashi. Antin Mota ta yi ta kiran sunayensu, ina, ba mai jin ta. Dole ta miƙe, tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya, ta nufi baya. Tana sauke hannun nan, wani ɗan shekara biyar ya sulale ya haye kujerar Baba, ya rungumi sitiyari, ya danna hon yana dariya. Motar ba ta motsa ba, ko taku ɗaya. Baba ya dawo da gudun da bai yi ba tun yana saurayi, ya cafke yaron ya sauke shi. Duka abin bai kai minti biyu ba. Amma akwai wani uba da ya tsaya da motarsa a gefe, ya ɗaga waya ya ɗauka tun daga farko.

Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin iyaye kaf. Gaskiya kuwa, ko waye ya ga ɗansa a cikin motar nan sai hankalinsa ya tashi. Ga inji yana ruri, ga kujerar direba da ɗan mitsitsin yaro, ga anti can tana tafiya a hankali kamar wadda aka aika inda ba ta so. Bidiyo ba ya nuna ƙashi. Abin da mutane suka gani shi ne mace malalaciya, suka kuma rubuta hakan, da abin da ya fi haka.

Washegari da safe, bayan sun sauke yara, aka kira su ofis. Mai makarantar da kansa ya zo, wani mai jiki da waya biyu a hannu, ya zauna a kujerar Shugaba, ita kuma ta tsaya a gefensa. Ba a ce su zauna ba. Antin Mota ta tsaya gwiwoyi a haɗe, ta jingina kafaɗa da bango a fakaice, don ciwon bai gama kwanakinsa ba. Tagar ofishin tana kallon ajin su Aku, ana jin yara suna maimaita karatu da ƙarfi.

Baba bai jira a tambaye shi ba. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na ce ta zauna. Ƙafata ke tsami, nakan so in miƙe ta. Ta yi mini maganar doka, na ƙi ji. Yarinya ce, ba za ta yi musu da ni ba."

"Tun yaushe kake haka?"

"An jima ana yi."

Mai makarantar ya yi faɗa mai tsawo, ya ambaci sunan makaranta, ya ambaci 'yan sanda, ya ce da yaron nan ya taɓa giyar motar da yanzu wani zancen ake yi. Bai ambaci gyaran mota ba. Daga ƙarshe ya nuna tebur da baki ya ce, "Ajiye makulli. Ke kuma wannan ya zama na ƙarshe, ki koma bakin aikinki."

Shi ke nan fa, an gama. Da ta ja bakinta ta yi shiru, da ta fita da aikinta, Aku ta ci gaba da zama a kujerarta. Ta san haka sarai, ba wai ruɗewa ta yi ba. Baba ma da yake laluben aljihu sai da ya jefo mata wani kallo, irin wanda uba ke yi wa 'ya a gaban baƙi. Ya fito da makullin, yatsunsa suka kasa kwance shi daga igiyar da ya ɗaure shi da ita. Tana kallon yatsun nan, sai ta tuna tsohon nan ya fi shekara yana hawa yana sauka a matakalar da ta gagare ta ita mai ƙuruciya, kuma a shekarunsa babu mai sake ba shi mota. Ta ji ba za ta iya haɗiye wannan ba.

"Ranka ya daɗe, Baba rufa mini asiri yake yi. Ƙafarsa lafiya lau. Ni ce ba na iya sauka."

Shugaba ta runtse ido. Mai makarantar ya ce, "Ba ki iya sauka kamar yaya? Makon jiya ma na gan ki kina gudu a filin nan."

"Ba kullum ba ne. Kwana biyar ne a wata. Ƙashin ƙuguna ne, tun haihuwar yarona."

"Wane irin ciwo ne wannan mai zuwa da kalanda?"

Abin da ta kasa faɗa wa likita, wanda aikinsa ne ya ji, shi ta faɗa a nan, a gaban mai makaranta da kuma dattijon da ya kai ubanta. "Lokacin al'adata ne yake tashi." Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba ya juya fuska bango. Mai makarantar ya duba waya ɗaya, ya duba ɗayar, ya yi gyaran murya.

"Duk wata?"

"Duk wata."

"Yaushe zai warke?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Wannan amsar ce ta yanke hukunci. Baba ya samu takardar gargaɗi ya koma motarsa, wadda aka gyara a cikin satin nan, ashe kuɗin gyaran yana nan. Ita kuma aka ce ta je ta huta har ta warke, da lafazi mai taushi, har da addu'a. Ta tuna musu da rainon ƙaramin aji. Mai makarantar ya ce iyaye sun riga sun ga fuskarta a bidiyo, wa zai yarda ya miƙa mata jariri? Ta ce, "To Aku fa?" Ya kalli Shugaba, Shugaba ta ce 'yarta ce, tana aji uku. Ya ce ai su ba azzalumai ba ne, yarinya ta ƙarasa zangon nan.

A waje, bayan motar, Baba ya tare ta. Ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Me ya kai ki? Na riga na gama magana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ni na tsufa, 'ya'yana sun yi aure, ko na zauna a gida za su ci da ni. Ke kuwa yarinya gare ki a aji. Ba ki yi mini gwaninta ba, 'yar nan. Wallahi ba ki yi mini ba."

Tun a lokacin ta fara tunanin ƙila gaskiyarsa ce, kuma har yau tunanin bai sake ta ba.

Da maigidan ya ji, ranar ba a yi barkwanci a gidan ba. Bai yi mata faɗa ba, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon tafin hannunsa. Bayan kwana biyu ya wanke farcensa da kananzir, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya je ya ga mai makarantar. Aka karɓe shi da mutunci, aka ce za a yi masa ragi. Da ya ji abin da ya saura bayan ragin, ya yi godiya ya fito. Ita kuma ta zaga makarantu uku masu mota, biyu sun ga bidiyon, ta ukun ta ce za ta kira. Ta nemi wanki da shara a gidaje, sai dai duk inda ta faɗi gaskiyar kwana biyar ɗin sai a ce za a yi shawara, inda ta ɓoye kuma wata ɗaya ke tona ta.

Yanzu dai Talata ta zama tata, ba mai tsare ta. Ta koma asibiti a ranar ciwo, ta samu matashiyar likitar. Ana danna wurin ta ƙwalla ƙara, likitar ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu na gani." Ta ba ta ɗamarar ɗaure ƙugu, ta koya mata motsa jiki iri huɗu, ta ce wasu yakan yi musu sauƙi a hankali, wasu kuma ya daɗe, ba za ta yi mata alkawari ba. Ta jawo takarda ta ce, "Wurin aiki za a rubuta wa, ko?" Antin Mota ta ce a'a, a bar shi kawai.

Aku ta ƙarasa zangon, ta zo ta biyu a ajinsu. A cikin hutu suka zaunar da ita, uban ya yi ta kewaye-kewaye, uwar ta gaji ta faɗa mata kai tsaye: tunda ita ba ta da lafiya ta bar aiki, in an koma, wata makarantar za ta shiga, wadda ke bayan kasuwa. Ba su gaya mata yara nawa ne a aji ɗaya a can ba, ko cewa wanda bai zo da wuri ba a ƙasa yake zama. Yarinyar ta ce, "To," ta ci gaba da ba ƙaninta labari. Suka ɗauka ta fahimta, har suka ji sanyi a ransu.

Ranar Litinin da aka koma makaranta, Antin Mota ta tashi garau, jikinta sakayau, ko ɗigon ciwo babu. Ta goya Ƙato, ta je famfo ta ɗebo bokiti biyu, ta tsallake kwatar bakin ƙofa da tsalle ɗaya. Sai ƙarfe tara za su je a rubuta sunan Aku a sabuwar makarantar, da kayan gida, don ba a ɗinka mata na makarantar ba tukuna. Tana shigowa ta tarar da ɗakin babu yarinyar. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa ɗakin maƙwabta, sannan ta ji hon ɗin da ta sani daga bakin titi.

Ta ajiye bokitan ta fita da gudu. Aku tana tsaye a bakin layi cikin tsofaffin kayan makarantarta, ta sa safa, ta goge takalmi da kanta, ga jaka a baya, ga gorar ruwa a wuya. Motar ta tsaya a tsallaken titi ɗaukar wani yaro. Wata budurwa ta diro daga ciki, ta ɗaga yaron ta ɗora, ta haye. Baba yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, ya hango su, ya mayar da idonsa kan hanya. Uwar ta kama wuyan hannun yarinyar daidai lokacin da za ta taka kwalta.

"Umma, sake ni, za su tafi."

"Ba na gaya miki ba? Ba can za ki ba."

"Ai kin ce don ba ki da lafiya ne. Na gan ki yanzu kina gudu." Ta duba ƙafafun uwar da kyau. "Yau ba ki ɗingishi."

"Ba na yi."

"To ki je ki gaya musu kin warke."

Ba ta sake hannun ba sai da motar ta sha kwana. Sannan ta ja ta suka koma ciki, ta durƙusa a gabanta, Ƙato yana barci a bayanta, ta cire mata gorar ruwan, ta sauke jakar, ta fara ɓalle maɓallan rigar tun daga wuya.

"To gobe?" in ji Aku.

Ta ci gaba da ɓallewa a hankali. Ta kai maɓalli na ƙarshe, ta zare mata rigar, ta ninke ta.